Gwiwar Illa da Bangon Filin Kokawa

Bana shekara ashirin ke nan da rasuwar wana Illa. Kowa a Agadas ya san shekarar da nake nufi: ta babban fari na biyu, zamanin soja, lokacin da kamiyoyi, manyan motocin kaya, ke sauke jar dawa ta taimako a bakin tasha, makiyaya suka cika bayan gari ba raƙumi ba akuya. Illa na cikin masu sauke buhunan nan. Tari ya kama shi da sanyi, bai ga damina ba.

Da ban yi niyyar rubuta komai ba. Hannuna bai daɗe da sabawa da alƙalami ba, a karatun manya na koya bayan gemuna ya fara fari. Abin da ya sa ni shi ne an gyara filin kokawarmu, an shafe bangon ƙofa da farar ƙasa, aka ce za a rubuta sunayen tsofaffin 'yan kokawar jaha waɗanda suka cancanta. Aka tara dattawa su zaɓa. Ni ma aka ce in zo in zauna, amma ba ni da ƙuri'a, tunda ɗan'uwana na cikin waɗanda za a yi magana a kansu.

Bari in gaya wa wanda bai sani ba. Mu mutanen Adar ne, farin farko ya koro mu arewa. Da soja suka kafa gasar kokawa ta ƙasa, wadda zakaranta ke karɓar takobi, kowace jaha sai ta kai 'yan kokawarta, Agadas kuwa ba ƙasar kokawa ba ce. Cikin 'yan dako irin su Illa aka tsinto mutane. Shekarar da ya fi ƙarfi, abinci ya yi wuya ƙwarai. Matan unguwarmu suka haɗa kai, wannan ta kawo tiyar gero, waccan ta kawo nonon akuyarta, don a dama masa fura ya yi jiki. Wasu sun rage wa 'ya'yansu ne suka kawo. Da idona na gani.

Ya tafi kudu, ya yi ta kaye har saura mutum huɗu. Muna zaune kewaye da radiyo muka ji ƙuri'a ta haɗa shi da Nomau. Nomau ɗan ƙauyenmu ne, yana yi wa jaharsa wasa. Shi ya koya wa Illa kamu tun yana ƙarami, shi ya ɗaura masa ɗamararsa ta farko. A lokacin ƙarfin Nomau ya fara ja baya, kowa ya san Illa zai ɗauke shi. To a wajenmu mutum ba ya kada wanda ya ɗaura masa ɗamara. Illa ya shiga fili, ya kama hannun Nomau, ya sa gwiwarsa ƙasa da kansa. Alƙalin wasa ya busa. Da suka dawo aka cire shi daga cikin 'yan wasan jaha, bai sake shiga fili ba.

Ranar zaman dattawa an fara da masu sauƙi. Jibo Dogo ya wuce ba gardama. An ɗan ja a kan Tsofo na Alarsas, wani ya ce a gida zaki ne, in an fita da shi sai ciwon ciki, aka yi dariya, aka sa shi. Sai aka zo kan Illa. Ɗan Tani makaɗi ne ya fara.

"Ni na yi wa dukansu kiɗi," in ji shi. "Wallahi Jibo kansa in ya ji taken Illa sai ya tuna bai yi la'asar ba."

Alhaji Attahir maƙerin azurfa bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗan Tani, ƙarfinsa ba wanda ya musa. Amma uwata ce ta kai nonon akuyarta gidansu, ƙannena suna kallo. Ba don ya je ya gaida maigidansa ta kai ba. In ya san ba zai kama Nomau ba, me ya hana shi faɗa tun a nan, a ba wani furar?"

"Alhaji, shi ya jefa ƙuri'ar da ta haɗa su?" in ji Ɗan Tani.

"Bai jefa ba. Amma ya san Nomau na cikin gasar."

Ya juyo wajena, ya ce, "Ka yi haƙuri, ƙanena." Na ce ba komai, Alhaji. Kuma har ga Allah ban ji haushinsa ba. Maganarsa na da nauyi, na kuwa san akuyar da yake faɗi.

Tun ranar nake tambayar kaina me Illa zai ce da yana nan. Mutum ne mai son irin wannan gardama. In ana shayi sai ya jera tsofaffin 'yan kokawa, ya ɗaga wannan ya sauke wancan, kuma ba ya sassauta wa kowa. Ya sha cewa wanda bai kawo takobi ba kada ya cika baki. Ina jin da an ba shi ƙuri'a, da wuya ya sa kansa a bangon. Sau ɗaya tak na ji ya taɓa zancen, muna dawowa daga tasha. Ya ce, "Geron Agadas na san na ci shi, ba na mantawa. Amma kafin shi na ci na gidan Nomau." Bai ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Abin da na sani, har ya kwanta ciwo, ba tsohuwar unguwa da ta ɗauki buhunta da kanta daga wurin rabo in yana kusa.

Yau yaro na kada wanda ya koya masa, jama'a su yi tafi, shi ma wanda aka kada ya tashi ya rungume shi. Ban ce sun yi laifi ba. Wataƙila Illa zai kalle su ya ji daɗi, ya ce su an sauke musu kayan da shi ya ɗauka. Wataƙila kuma ya tashi ya bar filin. Na zauna ɗaki ɗaya da shi shekaru, amma wannan ban iya yanke masa ba.

Dattawa suka ɗaga hannu, na Alhaji Attahir suka rinjaya. An rubuta bangon makon jiya. Na je na karanta shi tun daga sama har ƙasa, a hankali, babu Illa. Ban kai ƙara ba, ba kuma zan kai ba.

Allah ya jiƙansa. Da gwiwa ɗaya ya rasa takobi, ya rasa wurinsa a fili, ya rasa gaisuwar rabin unguwa, yanzu ya rasa layi ɗaya a bango. Agadas ta rasa gero da nono a shekarar yunwa. Ni na rasa wa.