Gidan Harsashi a Cikin Tawul

Jiya ina cikin walda a shagonmu na Madinar Masana'antu, unguwar masana'antu a nan ƙasar Larabawa, kafilina, wato maigidan da nake zaune a ƙasar da sunansa, ya fita cin abinci ke nan, sai ga wani Bahaushe da ban taɓa gani ba, riƙe da abu naɗe a tawul. Ya warware, sai na ga gidan harsashin bindiga.

Ya ce, "Ya akhi, ɗan'uwana, ɗan gyara za ka yi mini. Harsashin da yake ɗauka ya wuce abin da doka ta yarda, ragewa nake so. Ka ga ai bin doka ne."

Na ce, "Madalla. Kawo lasisin bindigar in ɗauki hoto in tura wa kafili. In ya amince, yalla, sai in yi maka."

"Haba Malam Sani, aikin minti goma sai an sa kafili a ciki?"

Ni dai ban faɗa masa sunana ba.

Na ce, "Ƙofa da taga nake haɗawa, shi ke nan." Ya naɗe kayansa ya fice, ko sallama babu.

Wallahi ban san abin da dokar ta ce ba, amma iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, guda ɗaya ce. Jama'a, mai son bin doka yana gudun takarda?