Ranar da Man Kaɗanya Ya Fasa Roba

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, amma wata safiya da na yi a wani ɗan ɗakin asibiti a Parakou ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kai ni ga manta sunayen jikokina.

Lokacin ina saurayi, ina tsaron rumfar atamfar kawuna a kasuwar Arzèkè. Mu mutanen Djougou ne, jikokin fataken goro, ciniki muka gada. Shekarun ne da sida, wato cutar ƙanjamau, ta shiga bakin kowa. Rediyo na maganarta, an manna hotuna a tasha, amma mu samarin kasuwa mun riga mun yanke mata hukunci. In an zauna shan shayi sai wani ya ce, "Ai wannan ciwon marasa kaciya ne. Mu da wanzami ya gama da mu tun muna yara, ta ina zai shiga?" Ni kuwa tun ina ƙarami an san ni da yawan tambaya. Na tambayi wanda ya faɗa inda ya ji, ya ce a wurin wani direba. Direban ma da na same shi ya ce haka dai ake faɗa. Duk da haka na karɓa, don magana ce mai daɗin ji.

Akwai wata mai ɗinki a unguwar Ganou da ke sayen yadi a wurinmu. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu bayan doguwar jinya, ya bar ta da 'yar ƙaramar yarinya. Mace ce mai nutsuwa, ba ta da yawan magana. Bayan ta fita takaba da daɗewa, na yi ƙarfin hali na je shagonta na faɗa mata abin da ke zuciyata. Ta tsayar da keken ɗinkin, ta dube ni.

"Malam, kafin ka tura manya akwai abin da ya kamata ka sani. Na yi gwajin jini. Abin da ya kashe maigidana yana jikina."

Na yi sauri na daidaita fuska. Na ce, "Kada ki damu da ni. Ai ina da kaciya."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Shi ma marigayin yana da ita."

Har yau ban taɓa jin magana gajeriya da ta rushe min gini kamar wannan ba. Na nemi wuri na zauna. Ita ce ta ce in da gaske nake, in bi ta wurin majo, wato babban ma'aikacin jinyar da ke duba ta, in ji daga bakinsa, sannan in yanke shawara.

Kashegari muka tafi. Majon dattijo ne ɗan ƙabilar Dendi mai furfura a gemu, yana jin Hausa sosai, sai dai yakan tsarma Faransanci. Ya rufe ƙofa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Ɗana, kaciya tsafta ce, kuma addini ne. Wasu likitoci ma suna ganin tana rage haɗari ga namiji. Amma ragewa daban, hanawa daban. A ɗakin nan na yi jinyar masu kaciya da yawa."

Ya buɗe durowa ya fito da wani itace da aka sassaƙa siffar gaban namiji, da 'yan fakitoci na kwaroron roba, wanda muke kira kapot. Kunya ta rufe ni, ita kuma ta ja mayafi ta sunkuyar da kai. Amma son sani ya fi kunyar ƙarfi. Ya miƙo min guda ya ce in nuna masa yadda zan yi. Na kai baki zan yage da haƙori, ya riƙe hannuna. Ya ce haƙori da farce suna huda ta ba a sani ba, da yatsu ake yagewa daga gefe, bayan an duba kwanan watan da ke jiki. Na ɗora ta a kan itacen a juye, ta ƙi warwaruwa. Zan juya ta sai ya ce a'a, wadda ta riga ta taɓa jiki a juye yar da ita ake yi, a ɗauki sabuwa.

Na tambaye shi ko yadda mai kaciya ke sawa ya bambanta. Ya ce bambancin kaɗan ne: marar kaciya sai ya ja fata baya tukuna, ni kuwa an hutar da ni wannan. Sauran duk ɗaya ne. A sa ta tun kafin jiki ya haɗu, ba a tsakiya ba. A matse ɗan bakin da yatsu biyu don iska ta fita, a warware ta har gindi. In an gama a riƙe gindin a janye tun jiki bai saki ba. Guda ɗaya, sau ɗaya. Na ce to in aka haɗa biyu fa, ai sun fi ƙarfi. Ya ce gogar juna za su yi su yage. Na ce in aje su a aljihu? Ya ce zafin rana da zama a kai suna kashe roba, a nema musu wuri mai sanyi.

Sai ita ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ba. "Baba, mata suna cewa robar tana bushewa, wai sai a shafa man kaɗanya."

Majo ya jawo fakitocin. Ya hura guda kamar balan-balan, ya ɗaure, ya ba ni na riƙe. Ya lakuto man kaɗanya daga wani ɗan gwangwani ya shiga murza shi a jikin robar. Ina kallo, ina mamakin abin da yake nufi. Ba a jima ba ta fashe a hannuna, har na zabura na buge kujera. A nan ne na fara jin dariyarta, ta rufe baki da mayafi tana yi. Majo ya ce duk wani mai, na kaɗanya ne ko na gyaɗa ko basilin, cin roba yake yi. In ana so, akwai na ruwa-ruwa da ake sayarwa a kantin magani don wannan aikin.

Da za mu fita ya ce min, "Ba zan ce maka aure ta ba, ba zan ce bar ta ba. Amma in ka aure ta, babu ranar hutu a wannan abin."

Na tafi gida Djougou na yi 'yan kwanaki ina tunani, na yi istihara. Sirrinta nata ne, ban faɗa wa kowa ba. Da na dawo na tura kawuna neman aurenta, aka ɗaura.

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Akwai lokutan da na gaji da robar, ita ce ke tsayawa kai da fata. Nakan je gwaji a kai a kai, kullum sakamakon lafiya lau. Ta sha jinya, har na fara fid da rai, sai Allah ya kawo zamanin da magani ya iso ƙasarmu, ta miƙe. 'Yarta da na tarar tana wasa a shagon ni na aurar da ita. Uwar kuwa har yanzu tana kan kekenta.

Abin da na koya shi ne, maganar da ta fi kwantar wa mutum hankali ita ta fi cancanta ya bincika. Kuma kunyar tambaya ta ɗan lokaci ce, amma abin da mutum ya ƙi tambaya yana iya cin ransa, har da na wanda yake so.