Mai Ƙafa Uku a Ƙofar Gidana

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma wannan ba daga bakin kakanni na karɓo ta ba. A tsakar gidana aka yi ta, ina tsaye.

A shekarun da aka ɗauko kujerar mulki daga Legas aka kawo ta Abuja, ina zaune a Yangoji. Ba can aka haife ni ba. Ƙauyenmu na asali yana kusa da Garki, yanzu kwalta ce ta bi ta kansa. Kafin a tashe mu, wasu mutane sun zo da wani abu mai ƙafa uku, suka kafa shi a bakin rafi, ɗayansu yana leƙawa da ido guda. Suka ja igiyar awo daga bango zuwa bango. Suka rubuta lamba a allo, suka ba mijina ya riƙe a ƙirji a ƙofar gida, suka ɗauke shi hoto. Sun gaishe mu da ladabi, sun sha ruwanmu. Damina biyu bayan haka sai ga katafila. Mijina bai daɗe ba ya rasu. Ni na koma wurin dangin uwata a Yangoji, na gina ɗaki biyu da rumbu, na ce daga nan sai kabari.

Ɗana na fari direba ne a wata ma'aikata, yana zaune a Garki, a ɗakunan bayan gidan ogansa. Babbar 'yarsa tana karatun aikin jarida. Wata Asabar, ana tsakiyar tonon doya, ta zo mini da jaka a kafaɗa da takardu a hannu.

Ta ce, "Kaka, fim za mu yi da ke."

Na ce, "Me na yi?"

"Ba laifi kika yi ba, tsohuwa. Malaminmu ne ya raba mu uku-uku, kowane rukuni ya yi ɗan gajeren fim, da shi za a ba mu maki. Ni na ce ke zan nuna, yadda kike ɗauko doya daga gona a kafaɗa, kamar yadda matanmu suke yi. Mutanen birni ba su san ba ma ɗora kaya a ka ba."

"Wa zai kalla?"

"Malam, da 'yan ajinmu."

"Shi malamin, wa yake biyansa?"

Ta yi dariya. "Gwamnati mana."

Ta shimfiɗa takardunta a kan tabarma, ta zazzana ƙananan akwatuna, kowanne da hoto a ciki. Ni ban iya karatu ba, amma na iya ganin zane. A akwati na farko ga babban titi. A na biyu ga kaɗanyar da ake karya kwana a gindinta a shigo unguwarmu. A na uku ga rijiya, a na huɗu ga ƙofata. Makaho ma in aka karanta masa wannan takarda zai iso gidana bai tambayi kowa ba. Ita tana kiranta tsarin fim, ni kuwa taswira na gani.

Na amsa mata dai, domin jikata ce, kuma na fi son a yi abin a gaban idona da a yi shi a bayana.

Asabar ta zagayo suka iso su uku. Ban da ita akwai wani saurayi dogo, Hausarsa tsaf irin ta Kano, shi ne mai kyamara. Ubansa babban ma'aikaci ne da aka taso da ofishinsu daga Legas. Sai wata budurwa 'yar Orozo, Kirista, 'yar manoma, ita ke riƙe da doguwar sanda mai jin magana. Saurayin ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na ba shi ruwa ya sha. Ya buɗe wata doguwar jaka, ya zaro abu, ya ware masa ƙafafu, ɗaya, biyu, uku, ya kafa shi daidai ƙofata, ya sunkuya ya leƙa da ido guda.

Na zauna a kan turmi.

Daga nan ya ciro igiyar awo, ya ba jikata bakinta, ta ja daga kyamara har zuwa inda zan tsaya. Ya duƙa ya yi alama da alli a ƙasa. Budurwar kuma ta ɗauko ɗan allo, ta rubuta lamba, ta ɗaga shi a gaban gidana, ta buga shi ƙwas.

Na ce, "Ɗan nan, zo. Babanka aikin me yake yi?"

"Ofis yake, Kaka."

"Ofishin me?"

"Takardu ne kawai, ana kawo masa yana sa hannu."

"To. Mu ma sa hannu aka yi aka tashe mu."

Ya kalli jikata, ita kuma ta kalli sama. Ta ce, "Ƙyale ta, haka take. Ko mai sayar da maganin sauro ya shigo unguwa sai ta tambaye shi sunan kakansa."

Aka fara aiki. Na ɗauko doya a ƙwarya, na ɗora a kafaɗa, na taho daga bayan rumbu. Ya ce a sake, zakara ya yi cara. Na sake. Ya ce a sake, gajimare ya rufe rana. Na sake. A karo na biyar na sauke ƙwaryar na ce, mutumin da ya ɗauki hoton gida sau biyar so yake kada ya manta shi. Suka yi dariya su duka, suna zaton raha nake yi.

Da suka tafi inuwa cin abinci, na ɗauki tsintsiya na share alamomin allin nan kaf. Na jawo zana na jingina wa rumbu, domin kada a san girmansa. Da suka dawo saurayin ya riƙe ƙugu yana duba ƙasa.

"Wa ya share mana alama?"

Na ce, "Gidana ne, kullum ina sharewa."

"Zanar nan fa? Ɗazu babu ita, hoton ba zai haɗu da na safe ba."

"Kaji ke damuna."

Jikata ta ja ni gefe, ta rage murya. "Kaka, don Allah. Batir biyu gare mu, na makaranta ne, ranar Litinin za a karɓe kyamarar a ba wasu. In ba mu gama yau ba shi ke nan."

Na janye zanar, amma zuciyata ba ta janye ba. Da la'asar suka ɗauki mai ƙafa uku suka fita har bakin titi. Na bi su daga nesa. Ina kallo suka ɗauki titi, suka ɗauki kaɗanya, suka ɗauki rijiya, suka biyo hanya tiryan-tiryan har ƙofata, kamar dai yadda aka zana.

Da suka gama, saurayin ya ciro kaset daga cikin kyamara yana rubutu a jikinsa. Na ce ya miƙo in ga abin da aka zuba ni a ciki. Ya miƙo da hannu biyu. Na juya shi, na auna nauyinsa, na kwance bakin zanena na ƙulle shi a ciki, na ɗaure.

"Kaka, wasa kike yi?"

"Kin taɓa ganin na yi wasa da bakin zane?"

Suka yi roƙo, suka yi rantsuwa, kowa da irin tasa. Na ce ban ƙaryata kowa ba, yara ne ku, ba lalle ku san wanda ya aike ku ba. Kaset dai inda ya sa ƙafa nan zan sa tawa. Haka aka yi. Washegari da safe na bar wa maƙwabciyata kaji, na shiga mota tare da su zuwa Garki, garin da rabona da shi tun ranar da aka kwashe mu.

Ban gane komai ba a hanya. Dutsen da muke shanya garin rogo a kansa kaɗai na gani, an kewaye shi da waya. Suka kai ni Area 1, wani shago a saman bene, na mai ɗaukar bidiyon biki. Injin bidiyo biyu ne da talabijin biyu, da fanka mai ƙara. Mai shagon ya ba ni kujera ya ce, "Sannu Mama, ke ce tauraruwar?" Na ce ni ce mai gidan. Na kwance kaset na ba shi, idona a kan hannunsa.

Sai ga ni a talabijin, da doya a kafaɗa. Ban san bayana ya ranƙwafa haka ba. Na ga tafiyar uwata sak a tafiyata, har na ɗan manta abin da ya kawo ni. Can sai ga titi, ga kaɗanya, ga rijiya.

Na ce, "Tsaya. Wannan ba zai shiga ba."

Jikata ta juyo. "Shi ne mabuɗin fim ɗin gaba ɗaya. Malam ya ce dole a fara da nuna wuri, mai kallo ya san inda yake. In babu, zai rage mana maki."

"Abin da ba na so ke nan, mai kallo ya san inda yake."

"Kaka, wa zai kalli fim ɗin ɗalibai ya turo katafila? Su da suke da jirgin sama, sai sun jira kaset ɗinmu?"

"Ban sani ba. Wancan karon ma ban sani ba. In aka rage miki maki, za ki koma ɗakin ubanki ki kwanta. Ni in aka zo, ina zan koma? Ƙarfin da na yi ginin farko da shi ya ƙare."

Saurayin ya ce shi zai iya rantsewa da Alƙur'ani babansa ko kallon fim ba ya yi. Budurwar nan ta Orozo, wadda tun jiya ba ta sa baki ba, ta ajiye biron hannunta.

Ta ce, "Ku cire mata. Bara an zo an auna bayan gonarmu, har yau ba a ce komai ba, amma babana ya daina dasa mangwaro. Mu fara da ƙafafunta tana tafiya, ya isa."

Idon jikata ya kawo ruwa. Ta ce wa mai shago, "Oga, tsallake shi."

Suka yi ta aiki har azahar ta wuce, ina zaune ina kallo. Da suka gama aka kunna mini daga farko. Ƙafafuna ne, sai kafaɗa, sai doya, sai bangon ƙasa irin na kowa. Babu titi, babu rijiya. Na ce madalla. Har na miƙe, sai na ji mai shagon yana ce wa saurayin ya adana kaset na farko da kyau, komai yana nan a ciki in malam ya nema.

Na koma na zauna. "Wane komai?"

Ashe ba a cire komai daga na farkon ba, kwafa ake yi zuwa na biyu, a ɗauki wanda ake so a bar saura. Hanyar gidana tana nan kwance a inda take. Na dubi jikata, ta sunkuyar da kai, domin ta sani ba ta faɗa ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na ce, "Yaya ake kashe shi?"

Mai shagon ya ce sai dai a ɗauki wani abu a kansa. Na ce a ɗauka. Saurayin ya mayar da kaset cikin kyamara, ya juya shi baya zuwa inda hoton titi ya fara, ya saita ta a bangon shago, ya danna. Muka zauna mu biyar muna kallon bango har ya ce ya wuce. Na sa aka kunna mini na gani da idona, farin bango ne tun daga titi har ƙofata. Sannan na ce a kai ni tasha.

Malamin ya ba su maki na tsaka-tsaki. Jikata ta ce ya rubuta musu cewa hoton ya yi kyau, amma fim ɗin bai gaya wa kowa a ina ake ba. Ta yi wata biyu ba ta taka Yangoji ba, sai da babanta ya sa baki. Yanzu tana aiki a gidan rediyo, 'ya'yanta uku, in ta zo takan ce ni na kore ta daga aikin hoto. Saurayin ya gama karatu ya bar kyamara, ya shiga aikin ofis, an ce a ɓangaren filaye. Duk sallah yana aiko mini da atamfa, ina karɓa ina godiya, ban taɓa ɗinkawa ba. Budurwar Orozo ta zama malamar firamare, rabin gonarsu ya zama rukunin gidaje, babanta yana gadi a ƙofar. Mai shagon ya koma garinsu da aka daina yayin kaset.

Ni kuwa ina Yangoji. Ɗakunan sun zama huɗu, ƙaramin ɗana ya sa musu kwano. Ko don abin da na yi ne aka bar ni, ko dama ba a nufo ni ba, Allah ne masani. Doya dai na daina ɗauka, kafaɗar ta ƙi. Iyakarta ke nan, ku tashi ku ba ni wuri in miƙe ƙafa.