Na'urar da ke danna "Eh" tun ba a tambaye ta ba

Shekarun baya, kafin gwiwa ta zaunar da ni, gadi nake yi a wani buro, wato ofis, a Cadawa. Ban yi lakol ba, wato boko. Aikina ƙofa da shayi.

A buron akwai abokina, mutumin Gidan Rumji, da ke haɗa wa ƙungiyar manoma wani tsari na waya don rabon irin shuka. In an zaɓi sunan manomi, sai ɗan akwati ya fito a fuskar wayar ya tambaya: a ba shi, eh ko a'a? Abokina ya sa na'urarsa tana gwada akwatin ita kaɗai, tana danna "Eh". In ya yi, ta nuna tsanwa. In bai yi ba, ja.

Da safe tsanwa, da rana ja, alhali bai taɓa komai ba. Shugaban buro ya ce ba ya kai wa manoma abin da ke canza ra'ayi. Zuwa ranar kasuwa, ko abokina ya gyara ko ya koma gida. Mutum mai 'ya'ya huɗu, ga damina ta matso.

Na ba da tawa gudummawar. Na ce zafi ne, na jiƙa buhu na shimfiɗa wa na'urar kamar randa. Saura kaɗan ya yi kuka. Ya roƙe ni don Allah in koma ƙofata.

Shi tasa dabarar, ya sa na'urar ta yi ƙirge kafin ta danna. Biyu, ja. Biyar, wani bi tsanwa wani bi ja. Ya kai goma sha biyar, kafin gwaji ya ƙare shayi ya huce, kuma jan bai daina ba.

Ran nan ina tsaye bayansa da kofi aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kamar yadda aka saba da rana. Na lura da na'urar ta koma kan batir, akwatin a hankali yake fitowa, ita kuma ta riga ta danna wofi.

Na ce, "Malam, ni in an buga ƙofa ba na ƙirge. Sai na ga fuska nake buɗewa."

Ya ce, "Baba, na ce ka koma..." Ya jawo na'urar ya rubuta mata layi biyu, cewa ta jira har akwatin ya bayyana. Ya gwada da kuran, ya gwada ba kuran, har la'asar. Tsanwa.

Aikinsa ya tsira. Gaban shugaba ya ce dogon nazari ya yi.

Abin da na koya kaɗan ne: masu ilimi ma sukan gwammace ƙirge da dubawa. Har yau in ya zo Cadawa yana kawo min sukari. Maganar ƙofa bai taɓa tayar da ita ba. Buhun nan kuwa, ba wanda bai ba labarinsa ba.