Rawanin Malam Singh a Filin Jirgi

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Malam Singh, Ba'indiyen da ya koyar da lissafi a Tambuwal zamanin da kuɗin man fetur ke kwarara kamar ba za su ƙare ba. Duk shekara idan watan ya kama sai in ɗauki alƙalami, in zauna, in tashi, in zagaya gida, in ajiye. Bana na tilasta wa kaina.

Ya zo mana ba da daɗewa da ƙirƙiro Jihar Sakkwato ba, lokacin da makarantu suka fi malamai yawa, har ana ɗauko masu koyarwa daga ƙasashen waje. Ni ɗan Kebbe ne, sabon malami, aka ba mu gidaje katanga ɗaya. Dogo ne mai gemu, kansa kullum naɗe da rawani, yau shuɗi gobe ruwan goro. A addininsa na Sik namiji ba ya aske gashi, ba ya kuma fita cikin mutane kai a buɗe. Mun yi shekara biyu muna maƙwabtaka ban taɓa ganin gashin kansa ba.

Ranar da na fara goya shi a babur zuwa Kebbe, unguwarmu ta ɗauka wani sharifi na kawo. Tsofaffi suka riƙa durƙusawa suna neman addu'a. Ya rikice, yana ta maimaita 'yar Hausar da ya iya: "Ni ba Musulmi ba, ni ba Musulmi ba." Mahaifina, wanda shi ne limamin unguwar, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Tau, mun ji. Amma daga nesa ka taho, kuma ranag ga ba ta tambaya addini. Mamman, shimfiɗa mashi tabarma, a dama mashi fura." Ya shanye ƙwarya guda, ya ce a ƙauyensu ma da irin wannan nonon aka raine shi. Daga ranar yake kiran mahaifina Baba, mahaifiyata kuma ta koyi yi masa miyar kuka ba nama. Hausar da ya koya ta tsofaffin Kebbe ce, har ɗalibai suna kwaikwayonsa idan ya ce, "Mi kaka nufi da wanga lissafi?"

Sau ɗaya tak na ga ya kwance rawanin nan a bainar jama'a. Wata motar kasuwa ce ta kife kusa da Dogon Daji, muka tarar da wani manomi jini na tsartuwa daga cinyarsa. Muna ta neman tsumma, sai na ga Singh yana warware kansa, gashi ya zubo har gadon baya. Ya ɗaure cinyar tamau, muka kai mutumin asibiti, ya rayu. A hanyar dawowa hulata ya ara, ko rabin kansa ba ta rufe ba.

Da tattalin arziki ya karye, kwangilar baƙin malamai ta ƙare, ya kwashe iyalinsa ya koma gida. Zumunci ya yi sanyi, sai da wayar hannu ta zo ya sake tashi. A lokacin matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa da aka haifa a nan tana aure a wata ƙasar Turawa. Wata shekara ya kira ni da murna: za ta haihu, zai je ya ga jika, a dawowa kuma zai biyo ta Najeriya ya gaida Baba. Baba ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, amma ya sa aka shafe ɗakin baƙi, kullum yana tambaya ko Mai Rawani ya taso.

Shekarun nan ne da aka tsananta bincike a filayen jirgi, bayan harin da aka kai da jiragen sama a Amurka. A inda zai canza jirgi, jami'ai suka zare shi daga layi, shi da wasu Indiyawa biyu da bai ma sani ba. Takardunsa cikakku ne, na'ura ba ta yi ƙara ba. Suka zazzage jakarsa, suka tambaye shi me ya zaunar da shi shekaru a Arewacin Najeriya, wa ya sani a can. Sannan suka ce ya cire rawani. Ya roƙi a kai shi ɗaki, aka ce babu lokaci. Dattijo mai furfura ya tsaya yana warware kansa a gaban ɗaruruwan matafiya, wani jami'i yana cusa yatsu cikin gashinsa. Ba su sami komai ba, ba su kuma ba shi haƙuri ba. Kafin ya gama naɗi jirginsa ya tashi.

Bayan ya isa wurin 'yarsa ya kira ni. Muryarsa ta canza.

"Mamman, a Dogon Daji ni na kwance shi da hannuna, ban ji kunya ba. Wanga karon tsirara anka yi mani."

Na ce masa aikinsu suke yi, tsoro ne ya kama duniya.

"Na san tsoro," in ji shi. "Ba jami'an nika tunani ba. Mutanen layin nika tunani. Kowa ya duƙar da kai, shina duban takalminai. Ko mutum guda bai tsaya kusa da ni ba."

Bai biyo ta Najeriya ba. Ya ce jirgi ɗaya ya rage masa a duniya, wanda zai mai da shi gida, kuma ya cika maganarsa. Na rasa yadda zan gaya wa Baba. Da na gaya masa, sai ya ce, "Mutumin da munka durƙusa mawa?" Da damina Baba ya rasu. Singh ya yi mini ta'aziyya ta waya yana kuka, bayan wasu shekaru shi ma ya bi, a ƙauyensu, 'yarsa ce ta sanar da ni.

Abin da ke hana ni zama shi ne tambayar me zai ce da ya ga Tambuwal da Kebbe na yau. Na daɗe ina jin haushin waɗancan jami'an kamar cutar tasu ce su kaɗai. Yanzu ga rashin tsaro ya zo mana har gida, kuma tsoron namu gaskiya ne, mun binne mutane. Amma na ga abin da tsoro ke koya mana. A mota, idan mutum ya shigo da sanda da malafa, sai hira ta mutu. A kasuwa ana nuna mutum da baki saboda tsagen fuskarsa ko karin harshensa. Ba na cewa a daina bincike. Ina cewa fuska ba hujja ba ce, kuma wanda aka wulaƙanta ba laifi, ba a san inda zai kai abin a zuciyarsa ba. Singh dai da nasa ya bar duniya.

Bai bar gini a Tambuwal ba. Ɗalibansa sun tsufa, wasu sun manta sunansa, sai dai su ce wannan Ba'indiyen. Na auna abin da ya rage nasa, na ga ba shi da yawa, amma bai bar ni in huta ba.

Kwanan baya ina cikin motar haya daga Sanyinna, aka tsayar da mu a wani shingen jami'an tsaro. Duk cikinmu wani dattijon Bafulatani kaɗai aka saukar, aka ce ya juye buhunsa a ƙasa. Gero ne da maganin shanu. Na ga kawunan fasinjoji suna sunkuyawa ɗaya bayan ɗaya, nawa ma ya fara. Sai na buɗe ƙofa na fita da sandata, na je na tsaya gefensa.

Direba ya leƙo ya ce, "Baba, ɗan'uwanka na?"

Na ce ban san shi ba.

"Tau mi kaka yi nan cikin rana?"

Na ce, "Jira nika taya shi."