Rakiyar Yayana Zuwa Khartum

Gari bai gama wayewa ba muka kama hanya, ni da yayana, daga ƙauyenmu da ke yankin Jazira. Tun ina yaro shi ke riƙe da maktabar garin, ɗaki guda a bayan masallaci. A nan yake koya wa mata karatu bayan la'asar, ya karanta wa tsofaffi takardar magani, ran Juma'a kuma ya loda littattafai a keken jaki ya kai rugagen leburorin auduga. Sai ga shi an naɗa shi cikin kwamitin da zai tsara harkar maktabobin ƙasa baki ɗaya. Duk garin ya fito rakiya, har wata tsohuwa ta ɗaura masa soyayyar gyaɗa a bakin mayafi.

Motar ta cika maƙil, yaron mota kuwa na ta rantsuwa akwai wuri. A kowane shinge sojoji su sauke mu, su duba takardu, su leƙa jaka. Yaya bai damu ba, yana ta ba ni labarin akwatin littattafai da yake so a ajiye a kowace ruga.

Mun sauka wurin gwaggonmu a Umdurman, kusa da Kasuwar Libiya. Kaya jibge, masu saye ƙalilan. Kowa ya taɓa, ya ji farashi, ya ajiye. Wake da burodi muka ci, burodin ya ƙanƙance har ana iya rufe shi a tafin hannu. Jikokin gwaggo in ka yi musu Hausa sai su amsa da Larabci.

Washegari muka haye gada zuwa Khartum, inda kwamitin zai yi zama. Ba a bar ni shiga ba, na zauna gindin dogonyaro wurin mai shayi har azahar ta gota. Da Yaya ya fito, fuskarsa kawai na kalla na ajiye kofi.

"Yaya, lafiya?"

"Sun riga sun gama tsarinsu. Za a rufe maktabobin ƙauye, a kwashe littattafan zuwa birane. Har da tamu."

"Ba ka yi magana ba?"

"Na yi. Shugaban, wani hafsan soja, ya ce madalla Ustaz, sai aka kira mai hoto."

Na ce mu koma gida kawai. Ya ce in ya tashi daga kujerar, wanda zai zauna ko wannan maganar ba zai yi ba. Ban ga alamar shi kansa ya yarda da abin da yake faɗa ba.

Washegari ni kaɗai na juyo. Na iso gida da la'asar, na tarar da matan zaune a ƙofar maktaba, kowace da littafinta. Suka yi ta barka, suna tambaya ko yanzu za a ƙara mana ɗaki. Na ce yana gaishe su.

Abin da na gano a tafiyar nan shi ne, a wannan zamani ana iya ɗaga mutum sama don a raba shi da aikinsa. Makon da ya wuce motar gwamnati ta zo. Matan da kansu suka taya ɗaukar littattafan, don kada a yaga su.