Haƙorin Yaya Kumatu

Yayana mabushin ƙaho ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi cikin 'yan badujalar hukumar garinmu, waɗanda ake kira su yi maci in za a buɗe wasan ƙwallo ko a yaye ɗalibai. Ƙahonsa na tagulla ne mai maɓallai uku, ya tsufa har inda yatsunsa ke zama ya koɗe. Tun yana saurayi abokan aiki suka laƙaba masa Kumatu, don in ya ɗauki busa sai ka rantse lemo biyu ya ɓoye a baki. Sunan ya bi shi har gida. Ni dai Yaya nake ce masa, sai in ya ɓata mini rai nake haɗa masa duka biyun.

Da matarsa ta rasu, aure kuma ya kai 'yarsa tilo nesa, sai ya dawo ɗakin da ke bayan gidana. Kayansa ba su taka kara sun karya ba: gado, kujerar roba, kakin aiki a rataye cikin leda, da akwatin ƙaho a ƙarƙashin gado. Kullum da safe, kafin in fita zuwa ofishin da nake shara, zai zauna a bakin ƙofa ya yi busa ta minti arba'in. Ba ma waƙa ba ce, sauti ɗaya zai ja ya riƙe, ya sake shi, ya hau na sama. Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun gaji, suka koma tashin yaransu makaranta da shi. Na taɓa tambayarsa, mutum ya shekara talatin yana abu ɗaya, me ya rage masa ya koya? Ya ce ba koyo yake yi ba, leɓe yake kiwo. Wai leɓen mabushi in ya kwana uku bai taɓa ƙarfe ba sai ya saki, in kuwa ya yi mako biyu, ga mai shekarunsa, sai dai a zo masa ta'aziyya.

Leɓen ma ba shi kaɗai yake aikin ba. Ɗan ƙoƙon ƙarfen da ake hurawa a kan leɓe yake zama, leɓen kuma haƙoran gaba ne suke tokare da shi. In babu su, babu busa. Ɗaya daga cikin na saman ya daɗe da yin duhu. Shekarun baya ana cikin maci wanda ke gabansa ya tsaya ba zato, ƙahon ya daki bayansa, ƙarfen ya dawo ya bugi haƙorin. Yaya ya tofar da jini ya ci gaba da busa. Tunda bai yi masa ciwo ba, bai sake bi ta kansa ba.

Wata Talata na kai masa shayi, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye kofin, sai ga hawaye a ido ɗaya.

"Yaya, lafiya?"

"Shayin ne ya yi zafi."

"Shayin da na fifita da hannuna?"

Ya ture kofin gefe. Kafin Alhamis leɓensa na sama ya ɗaga, ko iska ta ratsa bakinsa sai ya runtse ido.

Asibitin haƙori ɗaya ne a garin da irinmu ke iya zuwa, kuma sashen gaggawarsa lamba ashirin yake rabawa kowace safiya. Ranar Juma'a muka isa ƙarfe bakwai, matar da ke raba lambar ta nuna mana tafin hannunta wayam, ta ce sai Litinin. Na ce mata gaggawa fa aka rubuta a ƙofar. Ta ce, "Baiwar Allah, duba bencin nan, wanne ne ya zo yawon shan iska?" Na duba, muka juya gida.

Litinin tun kafin a buɗe ƙofa muna tsaye, muka sami lamba ta goma sha huɗu. Benci huɗu ne a ɗakin jiran, da fanka ɗaya mai juyawa kamar roƙonta ake yi, da hoton wani ƙaton haƙori yana murmushi a bango. Kowa hannu a kunci. Ban taɓa ganin taron mutane haka ba tare da an taɓa gulmar kowa ba sai a wurin nan. Sai bayan azahar aka kira mu.

Likitar yarinya ce, da gani ita ma a gajiye take. Ta ɗan ƙwanƙwasa haƙorin da ƙarfe, Yaya ya damƙi hannun kujera har jijiyoyin hannunsa suka fito. Aka ɗauki hoto, ta ɗaga shi ta duba.

"Baba, jijiyar ta mutu, ruwa ya taru a saiwar. Abu biyu ne. Ko in cire shi yanzu ka kwana lafiya yau, ko ka jira likitan da ke huda haƙori ya wanke cikinsa ya cike. Ni ba ni da kayan wannan aikin a nan."

"Yaushe yake zuwa?"

"Laraba-Laraba. Ta jibi ta cika, ta makon sama ma haka." Ta buɗa littafi ta bi da yatsa. "Zan iya cusa ka a ta uku. Kwana goma sha shida ke nan."

"Cire masa kawai, Likita," na ce.

Yaya ya ɗaga mini hannu. Ya yi mata bayanin aikinsa a hankali, yana magana ta gefen baki. Ta saurare shi tsaf, ta rubuta masa maganin kashe zafi da na kumburi, ta ce, "To amma ka ajiye ƙahon nan har sai an gama. Ko da wasa kada ka danna wurin."

Ya ce, "To."

Ni da muka fito ciki ɗaya na san irin wannan "to" ɗin. Ita ba ta sani ba.

Maganin bayan awa takwas ake sha, amma awa biyar yake aiki. Ragowar ukun Yaya yana zaune kan kujerar roba ya zuba wa agogo ido, don in ya kwanta zogin ninkuwa yake yi. Ya ce mini ji yake kamar ana buga masa ƙusa daidai da bugun zuciyarsa. Muka yi ta kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Ya tauna kanumfari har ɗakin ya koma warinsa. Nakan sayo ƙanƙara a shagon bakin titi in naɗe a hankici, ya manna a fuska har ta narke ta bi masa wuya. Abinci sai mai ruwa-ruwa, da ƙaramin cokali, ta gefen baki. In abin ya kai masa karo sai ya miƙe ya kama zagaye tsakar gida, hagu, dama, hagu, dama, tafiyar da ƙafarsa ta saba.

Masu ba da magani kuwa ba su bar mu ba. Wani ya ce a ɗiga ruwan batir, wata ta ce fetur a auduga, wai haka aka yi wa mijinta. Na tambaye ta haƙora nawa suka rage wa mijin nata, ta yi fushi ta tafi, na ce a sauka lafiya.

Kwana uku gidan ya yi tsit da safe. A na huɗu aka tashe mu aiki da wuri don za a yi feshin maganin ƙwari a ofis. Ina shigowa na ji wani sauti can ƙasa-ƙasa, kamar akuya aka toshe wa baki. Na tura ƙofarsa. Ga shi a bakin gado, ya cusa tawul a bakin ƙahon don kada a ji, gumi na zuba. Ashe dabarar da ya yi ke nan: ya bari in fita, ya sha maganin, ya jira rabin awa wurin ya mutu, sannan ya ɗora ƙarfen a kan haƙorin ya yi minti arba'in ɗinsa cif. Da ya sauke ƙahon na ga jini a ƙoƙon.

"Yaya Kumatu! Kashe kanka za ka yi? Me likita ta ce maka?"

"Rage murya, Auta."

"Ba zan rage ba! Ni ina can ina yawon neman ƙanƙara, kai kana nan kana rusa abin da muke tattali?"

Ya goge ƙoƙon da bakin rigarsa. "Kwana goma sha shida ne fa. In sun gyara haƙorin, leɓen ya riga ya mutu, me aka yi ke nan? Likita haƙori ta sani, ba ta san busa ba."

Na fizge ƙahon na kai ɗakina na kulle a kabad. Bayan kwana biyu ina shanya a bayan ɗakinsa na ji wani zuuu kamar ƙudan zuma ya shiga kwalba. Na leƙa ta taga. Ashe yana da wani ƙoƙon a aljihun kakinsa, shi ya danna a leɓe yake hurawa, ido a rufe, hawaye na bin kuncinsa. Ya buɗe ido ya gan ni, bai ɓoye ba, kallona kawai ya yi. Ina iya shiga in ƙwace. Ban shiga ba. Mutumin da ya goya ni, ya kai ni makaranta a kan kekensa, na kasa zare masa abu daga baki sau biyu a mako ɗaya. Na ɗauki bokitina na bar wurin, kuma har gobe ina jin haushin kaina.

A kwana na goma sha ɗaya ya tashi fuskar ta haye har ta rufe masa ido ɗaya, jikinsa zafi rau, baki ba ya buɗuwa sai kaɗan. Abokan aikinsa biyu da suka zo dubiya suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa. Mai babbar ganga ya yi ƙarfin halin tsokana, ya ce, "Kumatu, yau gefe ɗaya kake busawa?" Shi kansa bai iya ƙarasa dariyar ba. Su suka tare mana mota.

Matar da ke raba lamba tana ganin fuskarsa ta miƙe ta buɗe mana ƙofa, ba ta tambayi komai ba. Likitar nan ce dai. Aka sake hoto, ta daɗe tana kallonsa.

"Baba, ka yi busa?"

Ya kawar da fuska. Ta juyo gare ni, na sunkuyar da kai.

"Saiwar ta tsage gida biyu," ta ce. "Ruwan ya ci ƙashi, na hagu da na dama duk girgiɗi suke yi."

"Saura kwana biyar, Likita," in ji Yaya, da ƙyar ake jin sa.

"Ba abin da zai tarar ya gyara. In na bar ka kwana biyar a haka, ba zancen haƙori za mu yi ba."

Uku ta cire. Ina tsaye a baranda ina jin ƙarar faɗuwarsu cikin tasa ɗaya bayan ɗaya.

Kwana biyu ya yi yana barci kamar matacce, kumburi ya saɓe, ya fara cin abinci. Ba zan ɓoye ba, ni daɗi na ji. Bayan wata uku aka yi masa haƙoran roba, suka zauna masa kyau, har na tsokane shi na ce ya koma saurayi. Na mayar masa da ƙahonsa, amma da ya ɗora ƙarfe ya danna sai su zame. In ya cire su, leɓen ya faɗa ciki. Wata uku cur yana zama a bakin ƙofa yana gwadawa, iska kawai ke fita, wani lokacin da ɗan kuka kamar ƙofa mai tsatsa. Wata safiya na ga bai fito ba, washegari ma haka.

Shugaban badujalar ya zo da kansa, dattijo ne da suka shiga aiki shekara ɗaya. Na shimfiɗa musu tabarma, na koma gefe ina tsintar shinkafa ina ji.

"Kumatu, saura shekara biyu ka yi ritaya," ya ce. "In na rubuta ba ka iya busa, sallamarka za su yi. Ni kuwa hannuna ba zai rubuta ba. Ka sa kakinka ka shiga layi yadda ka saba, ƙaho a baki, yatsu suna tafiya. Ƙaho goma sha biyu ne, ga ganguna. Wa zai gane?"

Na dakata da tsintar, ina jiran Yaya ya nuna masa hanyar waje. Can sai Yaya ya tambaya, "Yaushe ne fita ta gaba?"

Asabar ce, bikin yaye ɗaliban wata makaranta, za su bi ta babban titi. Na goge masa kakin, na fito masa da takalma. Yana ɗaura igiyarsu, bai ɗago ba, ya ce, "Auta, kada ki zo."

Na ce to. Yana fita na yafa mayafi na bi ta lungu.

Na sami wuri a gaba-gaba, dab da inda za su wuce. Ganguna suka fara zuwa, sai masu ƙaho, huɗu-huɗu a jere. Yaya na layi na biyu, a gefen da nake. Ƙirji a buɗe, gwiwar hannu a ɗage, yatsunsa na sauka kan maɓallan daidai da na kusa da shi, ko kuskure ɗaya babu. Wata mata a gefena ta zungure ni ta ce, "Kin ga dattijon can? Da gani shi ne gwaninsu." Na ce mata haka ne.

Ya zo daidai ni, tazararmu ba ta fi taku biyu ba, kusancin da kunne zai iya rarrabe ƙahon kowa. Ƙaho uku na ji a layinsu. Idonsa ya faɗo cikin nawa, bai sauke ƙahon ba, bai ɓata taku ba, ya wuce.

Da ma na ji maganarsa na zauna a gida.